Wayar Inna Mai Ruwan Zinare

Na daɗe ina juya wannan babi a raina kafin in zauna rubuta shi. Labarin karatuna da na aikin malamin gona da na yi har na ajiye nawa ne, ina da ikon faɗa. Wannan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai sirrin Inna a ciki, kuma ban tabbata ba ko da tana raye za ta yarda in buɗe shi. Amma ga ta ta koma ga Mahaliccinta, Yaya Rakiya ta riga ta, ni ma ƙafa ta fara nauyi. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa kakarku ta yi fushi da babbar 'yarta har mutuwa ta raba su ba su shirya ba. Ke kuma Safiya, 'yar yayata, ke da ƙannenki kun riƙe wannan magana a zuci, har ba ku zo gaisuwar Inna ba. Ban ga laifinku ba. Abin da kunnenki ya ji, ya ji. Sai dai akwai abin da nawa kunnen ya ji wanda naki bai ji ba.

Sai na fara da abin da yaran yanzu ba su cika sani ba, balle ku da aka haifa a Kurmi. A ƙauyenmu, can gefen Ɗanbatta, mace ta zamanin Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabon sa, ba ta neman sa, ba ta tambayar labarinsa a gaban kowa. In ya kwanta ciwo, kowa zai nuna damuwa ban da ita. Yaya Rakiya ita ce 'yar fari, a ɗakin kakarmu ta girma, mu kuwa a ɗakin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Tana yarinya "waccan" take ce mata. Da mahaifinki, Safiya, ya aure ta, ya tafi da ita inda yake fataucin shanu, sai ta zama "ta Kurmi". Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma a wancan lokacin da ita ake auna darajar mace.

Bayan rasuwar Baba ni na saya wa Inna wayarta ta farko, 'yar ƙaramar baƙa mai madannai da tocila a ka. Inna ba ta yi boko ba, idonta kuma ya fara rauni, don haka na sa mai gyara ya ɗaura mata lambobi a kan madannan, in ta danne ɗaya ta riƙe sai ya kira. Na sama nawa ne. Na gefensa na Garba ne, ƙanenmu da yake zaune da ita a gida shi da matarsa Talatu. Ina cikin nuna mata sai na ga babban yatsanta ya tsaya a kan na tsakiya, wanda masu ƙera wayar suka yi wa ɗan tudu kamar ƙwayar gero.

"Wannan mai ƙurjin fa?"

Na ce na Yaya ne. Ta naɗe wayar a bakin zaninta tare da goro, ta ƙulle.

Shekaru wayar nan tana bakin zani. Ta faɗa a turmi, ta faɗa a kwatarniyar ruwa aka shanya ta a kan danga ta tashi, murfin bayanta ya tsage Garba ya ɗaure shi da robar tayar keke. Rubutun madannan duk ya goge, amma Inna ba da ido take aiki da ita ba. In aka kai ta caji shagon mai sola, sai kasuwa ta zagayo ba ta mutu ba. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne katin da nake sa mata ba ya daɗewa, alhali ni dai ba ta kira na sai an yi rasuwa ko haihuwa. Na zargi yaran gidan, har na yi wa Garba magana a hankali. Ya ce shi kuma ni yake zargi da rowa.

Shekarar da nake son ba ku labari, Yaya ta zo ganin gida bayan an gama kai amfanin gona, ta tarar da sunan ɗan Garba. Gida ya cika da mata. Cikin baƙi akwai Hajiya Balaraba, matar wani ɗan'uwan Baba da ke zaune a birni, mace mai raha, ba na jin da mugunta ta yi maganar. Na shigo gaishe su ke nan wayar Inna ta yi ƙara, ta kwance bakin zani a gaban kowa. Hajiya ta riƙe haɓa.

"Haba Inna. Ga ɗa mai digiri, ga suruki mai tireloli, amma ke da rakani-banɗaki, har da ɗori kamar ƙafar akuya? Sai na kai ƙarar su Habibu wajen mai gari."

Inna ta ce akuyar da aka yi wa ɗori ai ita ta fi sanin hanyar gida. Aka yi dariya, magana ta wuce. Amma na dubi Yaya na ga ba ta yi dariyar ba. Yaya mace ce mai kyauta, mai son a ga nata sun fi, kuma ina jin nisan da take da shi ya sa kullum tana ganin kamar ta gaza wa Inna. Washegari ta aiki Talatu ta karɓo wayar, wai za a kai birni a sa mata sabon murfi. Ta ce in raka ta.

Kasuwar waya a birni wuri ne da aka shirya don ido. Manyan wayoyi a cikin gilashi, fitilu a kansu da rana tsaka, kowace a tsaye a kan ɗan mazauninta kamar amarya. Masu madannai kuwa an tsire su a ƙusa can bayan shago, kamar busasshiyar kuɓewa. Mai shagon da muka shiga ya dubi mayafin Yaya da zoben hannunta, bai ma tambaye mu abin da muke so ba. Ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya jera guda uku: baƙa, fara, da mai ruwan zinare. Ya goge ta ƙarshen da hannun rigarsa, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Kaurinta bai fi na faifai ba. Fuskarta sumul, babu madanni ko ɗaya, kamar ruwan randa da ba a taɓa ba. Yaya ta juya ta, ta ga fuskarta a ciki, ta gyara ɗankwali. Ba zan ɓoye ba, ni ma ta ɗauke ni. Da na riƙe ta, sai na ji kamar ni ma na ƙara daraja.

Duk da haka na yi magana, irin tawa. Na ce ina ganin, ko da yake ban sani ba, wataƙila mai madannai ta fi dacewa da hannun tsoho, amma dai ita ma wannan ba laifi. Yaya ta dubi mai shagon ta nuna ni.

"Ka gan shi nan? Ko sunansa ka tambaye shi, cewa zai yi yana ganin Habibu ne, amma a ƙara bincike."

Mai shagon ya yi dariya, ya ce madannai ai na da ne, yanzu duniya shafawa take yi. Ya ce wannan ko sunan mutum ka faɗa mata sai ta kira shi. Yaya ta ce wannan kam ba da Inna ba, muka yi dariya mu biyu, shi bai san dalili ba. Ba mu tambayi kwana nawa take riƙe caji ba. Ba mu tambayi ko tana jin Hausa ba. Mun tsaya muna gardama a kan fara ko mai zinare, Yaya ta ce mai zinare za ta fi fitowa a hannun Inna in ta sa lalle. Sai ya cire layin Inna daga tsohuwar, ya ce ya yi wa sabuwar girma, ya sa wani ɗan ƙarfe ya datse gefunansa. Tsohuwar kuma ya jefa ta cikin kwalin tarkace a ƙarƙashin tebur, da robarta da komai. Na ji ƙarar faɗuwarta. Hannuna ya so ya miƙa, sai na ji kunyar a gan ni ina tsintar abin da aka zubar.

A mota muna komawa, Yaya ta rungume kwalin a cinya, ta ce yanzu in Inna ta kira ta har fuskarta za ta iya gani. Na ce Inna tana kiran ta ne? Ta dube ni kamar wanda ya tambayi ko ana ruwa da damina. Ta ce duk ranar kasuwar Ɗanbatta, in Garba ya tafi, Talatu ta shiga maƙwabta, yara sun watse, Inna takan zagaya bayan rumbu ta kira ta. Na ce me suke cewa? Ta ce ba komai. Akuya ta haihu. Kuka ta yi tsada. Me kuka dafa? Wani lokaci sai su yi shiru, kowa tana jin numfashin 'yar'uwarta, har kati ya ƙare. Ta ce ko a wayar ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ke" take cewa. Sai ta juya wajen taga ta ce:

"Ni fa sai da na haifi 'ya'ya biyar sannan na san muryar uwata. Kada ka faɗa wa kowa."

Inna ta karɓi kwalin da hannu biyu. Ba ta dubi Yaya ba, ta dubi ƙasa ta ce Allah ya yi wa mai shi albarka, ya sa 'ya'yansa su yi masa. Mata suka riƙa karɓa suna juyawa, kowa tana goge hannu a zani kafin ta taɓa. Yaya tana ta murna, har ta ba su labarin mai shagon da ya ce in ka faɗi sunan mutum sai wayar ta kira shi, aka yi ta salati ana dariya. Sau ɗaya Inna ta tambaye ni, a hankali: tsohuwar fa? Na ce an bar ta a can. Ta gyaɗa kai. Ta gwada naɗe sabuwar a bakin zani, ta yi faɗi, ƙulli ya ƙi kamawa. Kafin Yaya ta koma ta sa hotonta a fuskar wayar, ta nuna wa Talatu, Talatu ta nuna wa Inna: a danna gefe, a shafa sama, a taɓa hoton. Inna tana cewa to, to, amma kanta a kauce yake, don fuskar 'yar farinta ce a kai, ga mutane a tsaye. Muka ɗauka ta gane.

Duk ranin nan, in na zo gida ƙarshen mako, sai in tarar da wayar a cikin kwalinta, kwalin a naɗe da ɗankwali, a cikin babbar kwallar da ke saman jeren Inna. In baƙuwa ta zo sai ta sa a sauko da ita a nuna mata. Ko ledar da ke manne a fuskarta ba ta yarda an ɓare ba. Kullum sai an kai ta caji, kuma Inna ba ta ba yara, sai Garba da kansa. In na tambaye ta ko wayar tana yi mata aiki, sai ta ce:

"Kyakkyawa ce."

Inna ba ta ƙarya. Ni ne ban lura ba cewa ba tambayata take amsawa ba. Na sha tunani daga baya a kan masu ƙera irin waɗannan abubuwa. Ban ce mugaye ba ne, ban san su ba. Ina jin dai sun yi ta ne don hannu mai laushi da ido mai gani, kuma don mai saye, wanda sau da yawa ba shi ne mai amfani ba. Yatsun Inna sun sha ɓarar gyaɗa da sussuka da toka har sun yi kanta, gilashin ba ya jin su. Wanda ya yi wa tsohuwar ɗan ƙurji a tsakiya, shi ya tuna da irin su Inna. Wanda ya share shi don fuska ta yi sumul, wataƙila bai san akwai su ba.

Yaya takan kira, ba ta daina ba. Amma Inna ba ta iya ɗauka, sai Talatu ta sauko da kwalla ta shafa ta miƙa mata, ta tsaya jiran a gama. A gaban suruka da jikoki, me uwa za ta ce wa 'yar fari? Lafiya lau. To. A gaishe su. Sai ta miƙa wayar. Kuma ba za ta iya cewa Talatu ko Garba su kira mata ta Kurmi ba, wannan daidai yake da ta tsaya a tsakar gida ta ce tana kewar ta. Kasuwa ta yi ta zagayowa, Yaya tana zaune da waya a hannu, shiru. Ta fara tambaya ta ko Inna ta yi wata magana a kanta. Na ce ban ji ba. Ta ce ta san abin da ya faru, ta ɗauke mata abinta ba ta tambaye ta ba, ta yi mata ƙarfin hali.

Da damina ta zauna, wata ranar kasuwa aiki ya kai ni kusa da ƙauyenmu, na tarar manoman da zan gani duk sun tafi Ɗanbatta. Na ce bari in biya gida. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba. Tsakar gida babu kowa sai kaji. Ina shirin juyawa na jiyo motsi bayan rumbu, na leƙa ta tsakanin rumbun da danga. Inna ce a zaune a kan turmin da aka kife, wayar a tafin hannunta. Tana shafa gilashin da yatsa, ta lasa yatsan ta sake shafawa, ta goge shi a zani ta sake. Fuskar ta yi haske ta mutu, ta yi haske ta mutu. Ta daɗe tana yi. Sai ta waiga hagu da dama, ta kawo wayar daidai bakinta kamar mai tofa addu'a, ta ce:

"Rakiya."

Ta saurara. Ta sake cewa, a karo na biyu muryarta ta ɗan ɗaga, kamar mai kiran yarinya daga bakin rijiya. Wayar ba ta ce komai ba.

Na ja da baya a kan yatsun ƙafa, na fita, na ɗan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Sannan na sake shiga da sallama mai ƙarfi. Na tarar da ita a bakin ɗaki tana tsince wake, kwalla tana mazauninta. Ta ce yau kuma ba Asabar ba, lafiya? Na ce lafiya.

Ranar nan ban koma wajen aiki ba, Ɗanbatta na wuce. Na sayi 'yar baƙa mai madannai, na duba na tabbatar tana da ƙurjin, na sa sabon layi, na sa aka ɗaura lambobin kamar da. Na kawo mata na ce ta riƙe wannan saboda caji, waccan ta zama ta fita biki. Ta karɓa. Babban yatsanta ya tafi tsakiya da kansa, ya tsaya a kan ɗan tudun. Na ce na sa lambobin yadda suke a tsohuwar. Wataƙila a nan na yi saurin baki, ban sani ba. Ta ɗago ta dube ni, kallon da ya fi ƙarfin idona. Ina jin ta gane. Sai ta ajiye wayar a tabarma, ta turo ta gabana da yatsa ɗaya.

"Ka ba Talatu, tata ta lalace. In ta Kurmi ta ji na ajiye tata na ɗauki taka, me za ta ce? Cewa za ta yi na raina."

Na kira Yaya. Na ce ina ganin kamar wayar tana ɗan ba Inna wahala, ko da yake ba ta faɗa ba. Muryar Yaya a gajiye take, lokacin ciwon ya fara cin ta, amma ta ɓoye mana. Ta ce Inna ba ta ɓoye abin da ba ta so, ko na manta zanin da ta taɓa mayar mata don ya cika ja? Da wayar ce matsalar, da tuni ta aiko a canja. Ta ce Talatu ma ta faɗa mata kullum tana nuna wa baƙi. Maganar tana bakina, Safiya. Kalma ɗaya ce, in ce wa Yaya: na ji Inna ta kira sunanki. Amma abin da Inna ta ɓoye shekara hamsin da wani abu, wanda ta waiga hagu da dama kafin ta furta, ni ne zan ɗauke shi in aika ta waya kamar saƙon goro? Na san Yaya, ba za ta iya riƙewa ba, za ta kira gida tana kuka, Talatu ta ɗauka, kafin la'asar maƙwabta sun ji. Na ce a raina in ta zo bayan kaka zan zaunar da ita in faɗa mata ido da ido. Ta ce:

"Bar ta, Habibu. In ta huce za ta kira."

Na gwada wata dabarar. Wata Asabar na kira lambar Yaya da wayata, na ajiye kusa da Inna a ɗaki tana ƙara, na ce zan je masallaci, na ja labule. Ke kika ɗauka, Safiya, don lokacin mahaifiyarki ta kwanta. Inna ta tambaye ki mutanen gidan, kika ce Umma tana barci. Gaskiya kika faɗa, barci take. Inna kuwa ba za ta iya ce wa jika ta tashe ta ba. Da na dawo na tarar ta kife wayar a kan tabarma, tana jan carbi.

Sauran kin fi ni sani. An fara cirar gyaɗa lokacin da ciwon ya yi tsanani, ƙafafunta suka kumbura, aka kai ta asibiti. Kika kira wayar Inna da rana, mata sun cika tsakar gida ana ɓarar gyaɗa. Talatu ta ɗauka, ta ce ba ta san me ta taɓa ba murya ta fito fili, kowa yana ji. Kika ce Umma ba ta da lafiya sosai, ga ta kusa da ke, tana son ta ji muryar Inna. Mata suka tsaya da ɓara, duk ido ya koma kanta. Inna ta ce Allah ya sawwaƙe, a riƙa ba ta magani, a gaishe su. Ta miƙa wa Talatu wayar. Wannan kika ji, kuma mahaifiyarki ta ji. Abin da ba ku gani ba, Talatu ce ta faɗa mini: Inna ta ci gaba da ɓara, tana zuba ƙwayar a cikin ɓawo, ɓawon a cikin ƙwarya, babu wadda ta iya ce mata ta juya.

Ina hanyar Kurmi, motarmu ba ta ma ƙetare kogin Kwara ba, mahaifinki ya kira ya ce an yi mata sutura. Ban sami fuskarta ba. Maganar da na ajiye sai mun haɗu ido da ido, na komo da ita gida. A zaman makoki Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu gaisuwa suka riƙa yaba haƙurinta, wasu daga cikin danginku na Kurmi kuma suka koma da labarin cewa ko hawaye ba ta yi ba. Daga nan maganar fushi ta samo asali, ta yi ta girma. Na ji ta, na yi shiru, don Inna tana raye, kuma in na wanke ta da wannan, na tona ta. Har yau in na auna ban san wanne ya fi nauyi ba, mutuncin uwata ko kwanciyar ran yayata. Na zaɓi ɗaya. Allah ne masanin ko na dace.

Inna ta yi shekaru bayan haka. Ba ta sake riƙe waya ba, ko wacce iri. In ana neman ta sai a kira Garba. Kwallar dai tana saman jere, kuma ta daina sa a sauko da ita. A ciwonta na ƙarshe na je na tarar da ita ita kaɗai, ta nuna mini kwallar da haɓa. Na sauko da ita, na kwance ɗankwalin. Ta ɗora hannu a kan kwalin, ba ta buɗe ba. Ta ce in kai wa yarinyar nan, babbar 'yar ta Kurmi. Sai ta lumshe ido har na ɗauka ta yi barci, sannan ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba:

"Ranar nan da ka yi sallama sau biyu. Allah ya yi maka albarka da ka fita."

Kwalin yana nan a ɗakina, Safiya. Na aika miki saƙo bayan rasuwarta cewa ta bar miki wani abu, kika ce a ba mabuƙata. Ban bayar ba. Wayar ta daɗe da mutuwa, ba na jin akwai mai iya tashin ta, amma zinarenta bai dushe ba, ko ƙwarzane babu a bayanta. Ledar fuskar ma tana nan yadda aka manna ta a kamfani. Sai dai in kin zo, ki fita da ita tsakar gida inda akwai haske, ki karkata ta kaɗan. A tsakiya, daidai inda hoton mahaifiyarki yake fitowa, ledar ta siɗe har ta huje, gefen hujin kuma ya yi ja. Lallen Inna ne.